Igiyoyin Kaka Memuna a Gonar Lemu

Kakata Memuna ba ta yarda da kowa ba, har mai magana a rediyo. Abin da kawai na ga ta amince wa shi ne jajayen tururuwan da ke kan bishiyoyin lemunta tara a bayan Dungu. Igiya take ɗaura musu daga wannan bishiya zuwa waccan don su riƙa tsallakawa suna cinye ƙwari. Mu kuwa mun tsane su, cizonsu sai ka yi rawa ba kiɗa.

Da yamma, bayan tuwo, muke zagaye murhu. Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Wai wani manomi ne tururuwa ke yi wa gadin lemu, ran nan suka cije shi, ya bi su da wuta. Da suka ƙare, tsutsa ta cinye gonar. Ya ruga wurin Sarkin Ƙwari yana roƙon masu gadin da wuta ba ta ci. Sarki ya dube shi sama da ƙasa.

Nan Kaka kan tsuke ido ta nuna mu da muciya: "Ya ce ma shi, aboki, mene ne wanga a hannunka? Ashe bakin wuta ne, bai ajiye ba."

Shi ke nan, ta kashe tatsuniya. Haushi nake ji, ina ganin sarkin marowaci ne kawai.

Bayan rasuwarta na yanke igiyoyin, na sayi famfon feshi. Tururuwa suka ɓace, ƙwari suka ƙaru, na ƙara magani. Bishiya huɗu suka rage.

Bara wata malamar gona ta zo a babur da ƙaramin kwali. Ta ce ƙwari ne na kiwo, suna cin masu ɓarna, kuma feshi ba ya kashe su. Jinin Kaka ya motsa mini. Na yi ta yi mata tambayoyi kamar ɗan sanda: wa ya kiwata su, in suka juyo kaina fa?

Ta saurara har na gaji, sannan ta leƙa bayana ta ce, "Baba, kana so mu yi magana, amma ka sauke wanga abu dai. Bai yi ma nauyi ba?"

Kunya ta rufe ni. Duk zargin nan da nake yi, famfon na goye a bayana, cike da magani.