Gidan da na gina wa Baba a kan tudu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Baba, kuma har gobe ina kan bakana: daga Garwa har inda kogin Binuwai ya ƙare, babu ɗan da ya gina wa ubansa irin gidan da na gina masa.

Lokacin da gwiwa ta hana shi fataucin goro, sai ya kira ni ya ce, "Tanko, zaure nake so a bakin hanya, da jinka mai sanyi, inda abokaina za su riƙa kawo akushinsu mu ci tare." Na ce to. Amma a lokacin ina kai wa Turawan Jamus kaya bariki, idona ya buɗe. Zaure kuma? Uban Tanko guda? Sai na haye tudu na tsantsara masa gida mai kusurwa huɗu, rufin kwano, da matakalar da in ka kai ƙarshenta sai ka gaisa da shaho. Ranar tarewa rabin gari ya zo kallo, ɗaya rabin kuma hassada ta hana shi.

Sai dai da bazara zafin kwanon nan ya isa ya gasa gurasa. Tsofaffin kuma suka gwada hawa da akushi a hannu ɗaya, sanda a ɗaya. Wannan ya tsaya a tsakiya yana haki, wancan miyarsa ta zube. A hankali ƙafa ta ɗauke. Baba bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Yakan ci loma biyu, ya ture akushi, ya zauna bakin ƙofa yana kallon hanya. Ni kuwa na ce tsufa ne.

Yau duk wanda ya samu abin hannu, irin ginin nan yake tanadar wa tsufansa. An ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, amma mu gani ga wane muke ɗauko magini. Ko me Baba zai ce? Wataƙila ya tambaya ina za a ci tuwo.

Gidan dai yana nan, ko tsagewa bai yi ba. Ranar addu'ar Baba ta bana, a gindin tudu muka shimfiɗa tabarmi. Na nuna wa Modibbo Hammadu, aminin Baba Bafulatani, na ce, "Baffa, ka ga duk gari ni ake kwaikwayo."

Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Gaskiya ne, ɗana, ba ka da na biyu. Kowa a ƙasa yake binne ubansa. Kai kaɗai ka binne naka a sama, tun da ransa."