Kwalayen da Ba Nasa Ba

Shekarar da na ajiye aikin koyarwa, tun kafin kuɗin sallamata su shigo, ƙanena ya fara zarya gidana a Gomari. Mutumin da sai ya yi wata bai leƙo ni ba, sai ga shi da kankana, har yana tambayar ciwon gwiwata. Na ce a raina, to, akwai magana.

Kamfanin bandar kifi gare shi a Kasuwar Kifi ta Baga Road, yana lodi zuwa Kudu. Bai ɓoye mini ba cewa bashi ya yi masa katutu. So yake in zuba kuɗina in zama mai rabin kamfanin. Wai da a ce lafiya lau kamfanin yake, ninkin abin da zan karɓa ba zai sayi ko kwata ba. Kaya kuma suna nan jibge a sito, kuɗin mota kawai ya rage.

Na daɗe ina juya zancen. Araha kam akwai ta, ba ƙarya. Amma mijina ya rasu, kuma waɗannan kuɗin su ne na ƙarshe da zan taɓa riƙewa a dunƙule. Sai na yanke wa kaina hukunci: in kayan sun rinjayi bashin, zan shiga. In ba haka ba, kowa ya kama gabansa.

Da ya buɗe mini siton, wallahi sai da na ji sanyi a raina. Kwalaye ne har rufi, ƙanshin hayaƙi da kifi ya cika wurin. Har na fara ganin kaina ina gyara rufin gidana. Can na lura kowane kwali da tambarin fenti a jikinsa, wannan jan zobe, wancan shuɗin layi biyu. Ya ce haka ake yi a kasuwar, kowa da alamarsa, don in an sauke a Kudu a san mai kaya. Ni kuwa da shegen son tambaya irin na malamai, na ce ya nuna mini tasa.

Ya hau sosa ƙeya.

"Yaya, a yanzu dai babu."

Ashe kowace alama ta wani ce da ƙanen nawa ya karɓi kuɗinsa tun kafin kifin ya bar bakin tafki, ya yi masa alkawarin kaya. Wasu kwalayen ma alama biyu ce a jikinsu, ɗaya gaba ɗaya baya. Na zauna a kan benci. Wato kuɗina ba kifi za su saya ba, bakin wanda ya fi kowa hayaniya za a toshe da su. Na wanke shi tas a gaban mutane, ban rage masa komai ba, na tari Keke Napep na nufi Ajilari don in kai ƙararsa wurin mahaifiyarmu.

Na tarar da ita a gindin darbejiyar tsakar gida tana tsintar shinkafa. Ta saurare ni har na gama, ko ɗago kai ba ta yi ba. Sannan ta gaya mini, kamar mai ba da labarin cefane, cewa takardun gidan suna banki tun bara, da su ya karɓi rance. Gidan da aka haife mu, wanda ba ta da wani wurin kwana sai shi. Na ce sace su ya yi?

"Ni na ba shi," in ji ta. "Na ce ya kwantar da hankalinsa, ai yayarsa ta kusa karɓar kuɗinta."

Ni ina can ina auna riba da asara, ashe tun kafin kuɗin su zo hannuna an gama kashe su. Ranar da suka shigo na tura masa, ina sane sarai ba za su dawo ba.