Zuma da Man Shanun da Na Yi Ta Ba Malam

Yaya aka yi ɗan jinin da aka ɗiba a hannun mutum ya san abin da ke damun bakinsa? Har yau ban samu amsar da ta zauna mini ba, ga shi wanda za mu yi dariyar abin tare ya riga ni tafiya. Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa, amma ranar da muka kai Malam, maigidana, asibiti ba za ta fita daga raina ba sai an rufe ni da ƙasa.

Malam dillalin shanu ne a kasuwar Lolo. Dillanci kuwa aikin raɗa ne. Ka ja mai saniya gefe ka sa masa magana a kunne, ka koma ka ja mai saye, wanda sau da yawa daga tsallaken iyaka ya fito, daga Benin. Ni ma ina da 'yar rumfata ta daddawa da kuka, daga nan nake hango shi, ko ban gan shi ba ina jiyo dariyarsa.

Sai ga shi wata shekara dasashinsa ya kumbura. In ya yi asuwaki sai jini. Haƙora suka fara girgiɗa, bakin ya ɗauki wari. Da idona na ga ya matsa zai yi wa wani raɗa, mutumin ya ja da baya yana kawar da kai. Malam ya fara rufe baki da gefen rawani, dariyar ta ɗauke, daga baya ya daina fita kasuwar gaba ɗaya. Mutumin da bakinsa ne jarinsa!

Ni kuwa na tashi tsaye. Tunda ba ya iya tauna, sai na koma masa abinci mai laushi. Kunu da sukari har cokali ya tsaya, fura mai kauri, tuwo in kwarara masa man shanu. Safe da yamma in shafa masa zuma a dasashi, in ba shi cokali biyu ya lasa, don kowa ya san zuma magani ce. Ina ta yabon kaina, mutum yana ta ramewa, yana shan ruwa kamar raƙumi.

Amininsa, wani Bafillace da Malam ya daɗe yana sayar wa shanu, shi ya zo har zaure ya ce, "Dillali, shanuna sun yi kewar ƙaryarka. Tashi mu tai asibiti, ko in ɗaure ka a bayan babur."

Muka tafi Bagudo mu uku. Likitan saurayi ne. Ya leƙa bakin, ya ce mu dawo washegari kafin a karya kumallo. Da muka koma ya kama hannun Malam zai ɗibi jini.

"Yaro, baki na kawo maka," in ji Malam. "Mi ya haɗa ka da hannuna?"

"Yi haƙuri, Baba, shi ne zai ba ni labarin bakin."

Da sakamako ya fito, likita ya juyo gare ni. "Inna, me kike ba shi?"

Na gyara zama, na jero masa komai ina alfahari, har da zumar da na ce ta gaske ce, ba haɗi. Ina faɗa yana dafe kai. Da na gama ya ce Malam yana da ciwon suga, ga kitse ya yi yawa a jininsa, kuma su biyun da ciwon dasashin hannunsu a riƙe yake da na juna. Ya ce a cikin ƙwayoyin jini akwai abin gado da ke ba jiki umarni, masu bincike suna ganin alamar ciwon ukun a wurin, shi ya sa in ɗaya ya tashi sai ya taso sauran. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, da hannuna nake ciyar da su duka ukun.

Hawaye suka zubo mini. Sai na ji Malam ya fashe da dariya, ya ma manta da rawanin.

"Likita, shekara arba'in ina zaune da matar ga lafiya, ashe da zuma za ta gama da ni!"

"Man shanun kuwa nawa ne," in ji Bafillacen. "A kama mu tare."

Ina kuka ina dariya. Wata nawa rabona da in ga haƙoransa a waje.

Aka ba shi magani, aka tura mu Birnin Kebbi aka wanke masa haƙoran, biyu da suka riga suka lalace aka cire. A gida na zama dogari. Sukari ya bar gidanmu, miyar ganye da wake da kifi suka shigo. In ya roƙi ɗan man shanu in ce, "Ka tambayi jininka, shi ne mai tsegumi." Ya yi ta ƙunƙuni yana ci.

Bayan wasu watanni ya koma Lolo. Ina rumfa ina hango shi. Na ga ya ja wani mai saye gefe, ya kai baki kunnensa. Mutumin bai motsa ba, har ƙara matsowa ya yi. Da aka sallama saniyar, Malam ya ɗaga mini sandarsa daga nesa. Ranar ban san wa na auna wa daddawa ba.

Ya ƙara shekaru masu yawa yana dillancinsa. Abin da na koya shi ne, so kaɗai ba ya jinya, sai da tambaya. In bakin wani naka yana jini, kada ka tsaya a baki, ka kai shi a duba jini.

Bara Allah ya yi masa rasuwa, bayan gajeruwar jinya. Har yanzu in na tuna sai na yi kuka, ba na ɓoyewa. Da hantsin ranar da zai rasu ya yafito ni, na sunkuya, ya kai baki kunnena, ya yi mini raɗa:

"Uwargida, da haƙorana zan koma ga Ubangijina. Ke kika tsare mini su. Na gode."