Sunan da Iya Ba Ta Faɗa

Ranar wata Alhamis ce, a ranin da nake aji biyar na firamare, saura wata guda a kama azumi, na kai wa Baba ɗanwake lambunsa da ke bakin ruwan Tiga, kwano a kaina, littafin rubutu a ɓoye cikin zanina. Rana ta take, injin ban ruwa yana ta ƙugi, ruwa na bin tsakanin albasa yana ɗaukar ƙananan ganye. Na dire wa Baba abincinsa, na sulale ta bayan tumatir zuwa gindin mangwaron da Malam Isiyaku yake hutawa. Shi ne maƙwabcin Baba a lambu, tsohon malamin makaranta mutumin Ƙofa, kuma shi kaɗai ne mutumin da na taɓa gani da idona wanda sunansa yake a bangon littafi. Na durƙusa na gaishe shi, na miƙa masa littafina da hannu biyu, ina ta hura hanci tun kafin a yabe ni. Ya goge laka a jikin rigarsa, ya karanta shafi huɗun nan tsaf, sannan ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Zulai, wace bishiya ce a ƙofar gidan kakarki?" Wallahi ban sani ba.

Labarin tsohon garinmu na rubuta, wanda ruwa ya shanye lokacin da aka yi dam, tun Baba yana goye. Da yake ban taɓa ganinsa ba, sai na cika shi da benaye da ƙofofin zinariya da wata aljana mai gashi har gadon baya a cikin rijiya. Malam bai yi mini dariya ba, ko da yake na ga gemunsa yana rawa. Cewa ya yi aljanar ta yi kyau, amma kowane gari aka kai ta za ta zauna, garinmu kuwa guda ɗaya ne, kuma ga mai shi can a gidanmu tana ɓarar gyaɗa. Iya yake nufi, mahaifiyar Baba. Idonta ya fara tafiya a lokacin, kuma ba ta da hirar da ta wuce lissafa gidajen tsohon gari ɗaya bayan ɗaya. Mu jikoki da mun ji ta ɗauko, sai kowa ya tuna da aikin da aka sa shi, mu zame mu tafi carafke.

Daga ranar nan kai abinci lambu ya zama nawa, har Umma ta fara zargin ko mangwaro nake sata. Ni kuwa tambayoyi nake kai wa Malam, irin na yaron da bai san nauyin baki ba. Na tambaye shi inda yake samo labari, ya ce a bakin mutane, a tasha da kasuwar Kafin Maiyaki da wurin ta'aziyya, abin da ya rage nasa kawai haƙurin saurare. Na tambaye shi ko yana yin kuskure, ya ce saboda takardun da yake yagewa matarsa ta daɗe ba ta nemi abin hura wuta ba. Da fensir yake rubutu bayan sallar asuba, in ya gama shafi sai ya karanta da ƙarfi, duk inda harshensa ya yi tuntuɓe ya san nan akwai gyara. Yakan ce, "Magana kamar dashen albasa ce, in kika cunkusa su wuri ɗaya ba wadda za ta yi kai." A ƙarshe ya ba ni aiki, ya ce in zauna gaban Iya in rubuta abin da ta faɗa yadda ta faɗe shi, kada in ƙara ko gishiri.

Kai, ranar da Iya ta ji an ce za a sa garinta a takarda, sai da ta sake ɗaurin kallabi. Kullum bayan la'asar, in na gama wanke-wanke na share tsakar gida, sai in shimfiɗa buhu kusa da tabarmarta, ita da faifan gyaɗa, ni da fensir. Ta fara daga ƙofar gabas, gidan maƙera da ƙarar uwar maƙera tun da sassafe, marina mai rami bakwai, gidan mahaucin da akuyarsa ke cin sabulu, rijiyar da guga ba ya taɓa ƙasanta ko da bazara. A ƙofar gidansu kuwa ashe ɗorawa ce, wadda yara ke kwana biyu da rawayan baki in ta nuna. In na yi saurin wucewa sai ta buge mini gwiwa ta ce in koma, na bar gidan Gwaggo Talatu a baya. Wata rana ta ce da ni, "Rubuta da kyau, ƙawata. In na tafi, kifi kaɗai ya san hanyar garin nan."

Da na kai wa Malam shafukan ya daɗe a kansu, yana bi da yatsa kamar mai bin sawu. Ya nuna mini cewa sau uku Iya ta tashi daga rijiya za ta masallaci, kuma duk sau ukun ta bi doguwar hanya ta bayan marina, ta ƙi bin ta gindin tsamiya da ta ce ita ce mafi kusa. Ya nuna mini inda ta ce haihuwarta biyar, alhali Baba da 'yan'uwansa su huɗu na sani. Ya ce marubuci yana jin abin da aka faɗa, yana kuma jin wanda aka zagaye. Ya ƙara da cewa in bi a hankali, amma ina! Wannan ta bayan kunnena ta bi, don tuni na ga kaina na gano abin da ba wanda ya gano.

Ina isa gida na tarar da Umma da matan maƙwabta biyu suna surfe, Iya na gefe. Ko kwanon ban ajiye ba na ce, "Iya, ashe haihuwa biyar kika yi? Ina na biyar ɗin, yaya sunansa?" Taɓarya ta tsaya a sama. Iya ta karkaɗe zaninta, ta laluba bango ta shige ɗaki, ta bar gyaɗar nan kaji na ci. Umma ta ja ni da kunne har bayan rumbu, a nan na ji abin da kowa ya sani ban da ni. Ɗan fari ne, ya rasu yana shekara uku, tun kafin a haifi Baba. Mace irin Iya ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yi masa kuka a bainar jama'a, ko yana raye ko ya mutu, wannan ita ce alkunya. Kakanmu namiji ya riga mu gidan gaskiya, tsofaffin da suka halarci sunan yaron kuwa, wasu sun rasu, wasu tashin gari ya watsa su Kiru da Burumburum. Baba kansa ya san yana da wa, amma bai taɓa jin sunansa ba. Duk duniya a ƙirjin Iya kaɗai sunan ya rage, ga shi na sa ta rufe bakinta gaba ɗaya.

Kwana goma ba ta ƙara ambaton tsohon gari ba. Na je wa Malam da fushi da hawaye, na ce shi ya ja mini. Bai musa ba, ya ce laifinsa ne da ya ba yaro wuƙa bai nuna masa bakinta ba. Na ce to ni zan sa wa yaron suna da kaina, in ce Musa ko Sani, wa zai sani? Nan ne kaɗai na taɓa ganin ya ɗaure fuska. Ya ce, "Wanda kika ƙirƙira, raɗa masa sunan da kika ga dama. Wannan kuwa an yanka masa rago, yana da uwa." Ya ce in bar gurbin a buɗe, in ajiye littafin, in koma in taya ta ɓarar gyaɗa ba tare da na nemi komai ba. Ya gaya mini shi ma akwai babin da ya ajiye shekara da shekaru, saboda mai labarin bai shirya bayarwa ba, kuma in bai bayar ba har abada, to nasa ne.

Haka na yi, ba don ina da haƙuri ba, sai don ba ni da wata dabara. Azumi ya kama, ina zaune kusa da ita kullum, yatsuna har suka yi kanta, ba ta ce mini ba, ban ce mata ba. Sai wata la'asar, muna mu biyu, Umma na can tana dama kunu, ta fara magana tana fuskantar faifai. "Wancan yaron" take ce masa. Wai yana tsoron zakara, in ya yi cara sai ya ruga ya shige bayan turmi. Yana son dafaffiyar gyaɗa, yakan ɓoye ta a kumatu har barci ya ɗauke shi. Ƙyanda ce ta zo garin da bazara, aka bi da gawarsa ta gindin tsamiya zuwa maƙabarta, ita kuwa tana ɗaki ko tari ba ta yi ba, don surukarta na zaune. Ranar tashi, da kowa ya hau mota, ta ce ta manta ludayi, ta koma ita kaɗai ta tsaya daga nesa tana hangen kabarinsa. Tausayinta ya kama ni. Da na zo rubutawa daga baya, duk inda sunan ya kamata ya zauna sai na bar fili kamar faɗin yatsa biyu.

Bayan ƙaramar sallah da 'yan kwanaki, da hantsi, wani mai tallan kifi da Iya ta daɗe da saninsa ya wuce ta ƙofar gida yana kira. Iya ta karkata kunne ta ce, "Zulai, wancan mai kifin, je ki tambaye shi sunansa." Na ce ai akwai sauran na jiya a tukunya. Ta ce ba kifi ta aike ni saye ba. Na fita ina ƙunƙuni, na tsayar da mutumin, ya yi dariya ya ce Haruna, ko an ce ya ci bashin wani ne. Sai da na shigo zaure sannan abin ya faɗo mini, na tsaya cak, ashe sunan wancan yaron ta aike ni in jiyo. Na ƙarasa da gudu baki buɗe, amma ta ɗaga mini hannu. Ta ce, "Ba ni za ki gaya wa ba. Gaya wa takardarki." Na ɗauko littafin na cike guraben nan ɗaya bayan ɗaya, tana sauraren ƙarar fensir. Da na tsaya ta ce, "Ya zauna?" Na ce ya zauna, Iya. Ta ce to in Baba ya dawo daga lambu in kai masa ya duba mini rubutun, ko akwai kuskure.

Iya ba ta ga wata sallar ba, Malam ma ya daɗe da rasuwa. Yanzu ni ake gayyata zaman marubuta, a miƙo mini lasifika a ce in faɗi sirrin rubutu, matasa na ɗauka a waya, kowa na sauri ya ji a taƙaice. Nakan faɗi abin da ya sawwaƙa, amma ban san yadda ake koya wa mutum zaman wata guda a gefen faifan gyaɗa ba. Ni kaina ina kiran ɗana na fari da sunansa tun daga ƙofar gida, ban kuma ce na yi laifi ba, sai dai nakan yi kewar mutanen da ke iya riƙe ƙauna shekara da shekaru ba su bar ta ta zube ba. Baba ya tsufa, ya bar wa ƙannena lambun. Har yau in ya idar da sallah yana yi wa wansa addu'a, da sunansa.