Soja Ɗaya a Iyakar Baba Saje

Saura kaɗan in bar labarin nan a cikina, don duk ta inda na juya shi ni ne nake fitowa wawan. Amma na tuna mutanen da suka yi mini dariya a lokacin yawancinsu haƙoransu sun zube, to me kuma zan ji wa tsoro?

Shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai, ina akawun masu gyaran hanya a Kwantagora. Baturen da ke kula da aikin ya tattara zai koma gida, sai ya bar wa maigadinsa tukunyar shayi da wani kwali. Maigadin tsohon soja ne da ya je yaƙin Boma, mutumin wajen Auna, kowa Baba Saje yake ce masa. A cikin kwalin akwai taswirar duniya mai naɗewa, da 'yan sojojin katako launi-launi, da ƙwayoyi masu ɗigo irin na ludo. Wasan yaƙin duniya ne. A raba ƙasashe, kowa ya zuba sojojinsa, in za ka kai wa maƙwabci hari ku jefa ƙwaya, mai ƙaramin ɗigo ya ɗauke sojansa. Wanda ya cinye duniya shi ya ci.

Mu huɗu muke yi, bayan la'asar, a rumfar wani tela kusa da tasha: ni, da telan, da Baba Saje, da wani malamin firamare ɗan Kambari, mai agogo da takalmi sau-ciki, wanda shi ya karanta mana takardar dokokin.

Bari in faɗa muku abin da ni ban sani ba a lokacin. Malam yana neman 'yar Baba Saje. A al'adarsu mai neman aure noma yake yi wa surukai, kuma ya yi damina biyu yana kan ta uku, tsohon bai ce e ba, bai ce a'a ba. Saje kuwa mutum ne da in ka kayar da shi ya ce ka raina shi, in ka sassauta masa ya ce ka mai da shi tsoho. Kowace yamma Malam auren nan yake ɗauka ya ajiye a gefen taswira, ni kuwa ina zaune kusa da shi ina lissafin Turai.

Dabarar Saje ba ta da yawa, kuma kullum sai ya maimaita mana ita da Hausarsa mai karkata. Ka kama lungu, teku a bayanka. Kada ka buɗe yaƙi ta fuska biyu. Kada ka yarda da maƙwabcin da gaisuwarsa ta yi tsawo. Ni kuwa tsakiyar duniya nake so, inda kowa zai gan ni, kowa kuma yana ganina ya cinye ni kafin tela ya gama ɗinka aljihu ɗaya.

Da na gaji da mutuwa da wuri sai na fara sa ido. Na lura duk inda ƙasar Malam ta haɗu da ta Saje, soja ɗaya tak yake ajiyewa. Bai taɓa kai hari ta nan ba. In Saje ya miƙo masa ƙwaya, hannu biyu yake sawa ya karɓa, kansa a ƙasa. Na ce a raina, to, akwai ƙulli. Har wani ɗan littafi na samu ina rubuta wa ya kai wa wa hari. Wasa bakwai, babu ko ɗaya.

Na ja tela gefe. "Maigida, ana cin amanarmu a rumfarka."

"Wa?"

"Malam da Saje. Sun raba duniya tun daga gida, mu 'yan rakiya ne."

Tela ya ciji zare ya tofar. "Akawu, kai dai ka daina zama a tsakiya."

Wannan amsar ma sai ta sa na fara zarginsa shi ma.

Wata Asabar na hau keke zuwa duba wani kwalbati a hanyar Auna. Ina wucewa ta gefen gonar dawar Saje, wa zan gani? Malam, ba agogo, ba takalmi, ya duƙa da garma yana huɗa, gumi har gwiwa. Na san al'adar sarai, na sha ganin samarin ƙauye suna yi. Amma kaina bai taɓa kawo mini cewa mai koyar da Turanci zai yi ba. Abin da na gani kawai shi ne cin hanci: yana biyan zaman lafiyar iyakarsa da kunyoyin dawa. Na koma gari ina taka keke kamar wanda ya kama ɓarawo.

Sai na tsara dabara, kuma har yau ina ganin ita ce mafi kyau da na taɓa yi, duk da yawon da na yi daga Fatakwal har Agadas. Na lallashi tela da alkawarin ba zan taɓa shi ba har wasa ya ƙare. Ni in tare Malam ta yamma, shi ta kudu, mu jibge sojoji yadda ba zai iya fasa mu ba, amma kada mu cinye shi. Mu bar masa ƙofa ɗaya kawai, ta wajen Saje. In ya ƙi bi ta nan, kowa ya gani da idonsa.

Haka aka yi. Ran nan Saje ya kwashe rundunarsa ya tafi can gabas yana fatattakar tela, ya bar bayansa da sojoji biyu. Malam kuwa yana da wajen ashirin a cunkushe wuri ɗaya. Juyi ya zo kansa. Ya duba yamma, ya duba kudu, ya duba agogo.

"Na wuce," in ji shi.

"A'a, Malam," na ce, da muryar da nake jin daɗinta ƙwarai. "Ga ƙofa a buɗe. Ko garma ce ta gajiyar da hannun?"

Tela ya taka mini ƙafa, na janye. Na fito da littafina na karanta musu wasa bakwai ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, na ɗora da abin da na gani a hanyar Auna. Na ce in sulhu ake saye da noma, a faɗa mini kunya nawa ne, ni ma ina da Asabar.

Saje bai kalle ni ba. Malam yake kallo, ido ƙanƙance.

"Ashe bari na kake yi in ci?"

"A'a, Baba."

"To tsorona kake ji?"

"A'a, Baba."

"To ɗauki ƙwaya. Ni na kwana cikin ruwa har wuya a Boma, ba a tausaya mini ba sai a rumfar tela?"

Sai a lokacin na fara jin kamar akwai wani abu a wurin da ya fi Turai girma. In ya jefa ya ci, ya kayar da surukinsa a gaban 'yan tasha, don har sun fara taruwa. In ya ƙi, ya tabbatar wa tsohon da zarginsa. Ya daɗe yana kallon ƙwayoyin. Sai ya zame daga benci, ya cire takalmansa, ya durƙusa.

"Baba, a wurinmu yaro ba ya tunkarar babba da bakinsa, sai ya aika." Ya juyo ya zuba mini ƙwayoyin a tafin hannu. "Akawu, tunda kai ka kawo maganar, kai ne wakilina. Sojojin nawa ne, hannun naka."

Na so in ce ba ruwana. Saje ya ce, "Jefa, ɗan tsakiya."

Na jefa. Ni da ban taɓa samun ɗigo shida ba sai ranar da ba na so, sai ga su biyu. Na sake, haka. Kafin a kira magariba na share Baba Saje daga duniya kaf, da sojojin wani, ina share gumi ina ba shi haƙuri duk jefawa.

Tsohon ya ɗauki sojansa na ƙarshe ya jefa cikin kwali. Ni ya zaga, tas, da Hausa da wani yare da nake zaton daga Boma ya taho da shi. Ya ce ba ni da kunya, ba ni da dabara, sa'a ce kawai irin ta mahaukaci. Da ya gaji ya ɗauki sandarsa, ya tsaya a bakin rumfa bai juyo ba.

"Kai kuma mai agogo, tunda ka iya aike, ka turo manyanka ranar Lahadi. Amma ba wannan wakilin ba."

Malam yana nan durƙushe har tsohon ya sha kwana. Ni kuwa na tsaya da ƙwaya a hannu ina tambayar waɗanne manya, wace Lahadi. 'Yan tasha suka fashe da dariya, har wani direba ya zauna a ƙasa.

Bayan kaka aka yi biki. An gayyace ni, Saje ya sa aka zaunar da ni can nesa da nama. Muna dawowa a bayan wata motar doya ni da tela, ina ta yi masa bayanin yadda dabarata ta yi aiki ko da ba inda na nufa ta je ba. Ya bar ni na gama, ya kakkaɓe hularsa, ya ce:

"Akawu, tsohon da kullum yake ce mana a tsare baya, kana tsammanin mantawa ya yi ya bar sojoji biyu a wurin?"