Gardamar Daddawar da Ta Tayar da Kakata

Jiya ina wucewa ta bayan wani gida a Tudun Wada sai warin kalwar da aka rufe ya buge ni. Masu wucewa suna toshe hanci, ni kuwa na tsaya. Wanda bai san daddawa ba zai ce wani abu ne ya lalace. A gidanmu, da wannan warin muka gane cewa kakata za ta rayu.

Ina aji biyar na firamare aka kawo ta daga ƙauyensu, can gaba da Kwalkwalawa. Zamewa ta yi a bakin rijiya, ta karye a ƙugu. Ƙashi ya kama, likita ma ya ce babu abin da zai hana ta tafiya, amma ta ƙi tashi. Tsakiyar bazara ce, irin zafin Sakkwato da ko bango ka jingina da shi sai ya gasa maka baya. Ta juya wa kowa ƙeya. In an kai mata kunu, ta kurɓa ta ture. Matar da a ƙauye ake jin muryarta daga tsakar gida har gona, sai ta koma ba ta cewa komai sai "to".

Mahaifina fataucin shanu yake yi zuwa Kudu, irin ƙananan fataken da ke haɗuwa su cika mota guda. Mahaifiyata kuma malamar makaranta ce, daga safe har azahar ba kowa a gida. Aka tambayi kuɗin mai jinya da za ta riƙa wuni da ita, aka ji abin ya fi ƙarfinmu. Baffana ya ce a mayar da ita ƙauye, alhali damina na ƙaratowa, kowa zai tafi gona, asibiti kuma da nisa. Mahaifina ya ce shi zai sayar da bijiman da su ne duk jarinsa.

"In ka sai da jari, mi za mu ba ta ta ci in kuɗin sun ƙare?" in ji mahaifiyata. "Ka yi tafiyarka. Ka bar min ita damanag ga."

Ashe ta daɗe da lura da wani abu. Duk gidan da ta shiga barka ko gaisuwa a layinmu, akwai wata tsohuwa a ɗakin ƙurya, ita kaɗai. Ta bi gidajen ta yi magana da matan, aka daidaita. Kowace safiya a kawo tsofaffin gidanmu, ƙarƙashin darbejiya, tunda tamu ba ta iya fita. Kowace rana matar gida ɗaya ta zauna da su, ta ba su magani, ta kai su bayi. Kowa da kwanon abincinta, ba mai biyan wani ko kwabo. Wata ma'aikaciyar jinya da ke ƙarshen layi ta ce za ta riƙa leƙowa tana auna musu jini.

Da farko abin bai yi kama da zai yi amfani ba. A fito da Kaka a kan tabarma, sauran suna hira, ita ta ba su baya.

Cikinsu akwai uwar wani mahauci, idonta ya yi rauni amma bakinta kaifi gare shi kamar wuƙar ɗanta. Wata Asabar, ina wanke-wanke kusa da su, ta ɗanɗani miyar kukarmu ta ce, "Daddawar birni ta ɗara ta ƙauye. Mutanen ƙauye ba su iya rufin kalwa ba, ruɓar da ita kawai suka iya."

Sai na ji murya daga tabarma, a dushe.

"Wagga kika cewa daddawa? Mai yin ta ko wankin kalwa ba ta iya ba."

"To ke da kin iya, tashi ki yi mu gani. A kwance ai kowa gwani na."

Kaka ta dafa ƙasa ta tashi zaune. Ta dube ni ta ce, "Ke, taho. Ki ce ma uwarki a sawo min kalwa."

Daddawa ba a yin ta a kwance. Aka dafa kalwa wuni guda, ana iza wuta, tana ba da umarni. Ni na yi sussukar ɓawon a turmi, tana cewa hannuna kamar na marar ƙashi. Da aka zo dahuwa ta biyu, ta ce ba ta yarda da idon kowa ba. Ta dafa turmi, ta dafa kafaɗata, ta miƙe tsaye don ta leƙa tukunya. Ina jin yadda jikinta ke rawa. Mahaifiyata ta juya ta shige ɗaki, daga baya na gane kuka ta je yi.

Da kalwar ta nuna a rufe, wari ya cika unguwa. Aka yi miya da ita, Kaka ta cinye malmalar tuwo, ta ce a ƙaro. Uwar mahauci ta ci, ta suɗe hannu, ta ce, "Ba laifi." Ranar na fara jin dariyar kakata a birni.

Tun daga nan ba ranar da ba su yi gardama ba: kan gero, kan kitso, kan wanda jikokinta suka fi kunya. Ruwa na sauka, su koma rumfa su ci gaba.

Wajen ƙarshen damina zazzaɓi ya kwantar da uwar mahauci, ta daina zuwa. Kaka ta kasa zama. Ta sa na ɗauko mata sandar kiwon mahaifina, ta ƙulle daddawa a bakin zane, ta ce za ta je duba ta, in bi ta a baya, kada in taɓa ta.

A ranar mahaifina ya dawo daga Kudu. Ya shiga gida ya tarar da ɗakinta ba kowa, an naɗe tabarma. Ya fito da gudu ba takalmi, yana zaton an yi rasuwa an ɓoye masa. Sai ga mu muna dawowa, Kaka a gaba, tana dogara sanda, tana tsallake kwata da kanta. Ya durƙusa a tsakiyar layi.

"Sannu da hanya," in ji ta. "Tashi, ka tare min hanya."

Bijimansa suna nan, ba a sayar ba. Kaka kuwa ta yi shekaru bayan haka, har ita ta wanke ni ranar aurena.

Yanzu ina zaune a unguwar Gidan Dahala, inda katanga ta fi darbejiya tsawo, kowa da ƙofarsa ta ƙarfe. Mahaifiyata tana wurina, gwiwoyi sun hana ta fita, hirarta ma ta fara raguwa. Abokan aikina kullum zancensu tsadar masu jinya. Makon jiya na daure na buga ƙofofin maƙwabta, na samu tsofaffi biyu. Na dawo na gaya mata, na ce ɗaya dai an ce faɗa gare ta, ba ta raga wa kowa.

Mahaifiyata ta gyara ɗaurin kallabinta.

"Ita za ki fara kawo min," in ji ta.