Muryar Yaya Ta Makara

Yayata ta daina magana a lokacin kaka, ana tsakiyar yankan riɗi. Ta faɗi a bakin randa, aka kawo ta asibiti nan Gumel, aka mayar da ita ƙauyenmu na ƙasar Sule Tankarkar hannun dama a mace, baki a karkace. Tana ji, tana ganewa, idonta na nan da kaifinsa. Amma in ta buɗe baki babu abin da ke fitowa sai iska.

Ni kaɗai ce a gida tun rasuwar maigidana, 'ya'ya kowa ya kama gabansa. Kullum bayan la'asar Yaya ce ke kirana a waya. Ba wata magana ba ce: akuyar wance ta haihu, wane ya kai shanu Maigatari ya dawo da su, ke kuma har yanzu kina nan da bokon tsufanki? Haka take ce wa makarantar da na shiga ina da jikoki. Da ta kwanta, la'asar ta zama lokacin da na tsana. Sai in ɗauki tsintsiya in sake share tsakar gidan da na riga na share.

Shekarun baya masu talabijin sun taɓa zuwa ƙauyenmu ɗaukar shiri kan abincin gargajiya, suka ɗauki Yaya da maƙwabciyarta suna dakan fura. Ban gani ba a lokacin, ranar babu wuta. Sai ga sanarwa cewa za a maimaita shirin wata Asabar da hantsi, sau ɗaya. Ina da tsohuwar kwamfutar da 'yata ta bar mini, wadda na koyi taɓawa a cibiyar mata. Na kai ta wurin mai gyara kusa da tasha, wani dattijo Kirista ɗan Filato da muke ce wa Injiniya. Ya ba ni 'yar na'ura kamar kwalin ashana mai shigar da shirin talabijin cikin kwamfuta, ya nuna mini wayoyi uku daga dikoda: rawaya ta hoto, ja da fara na murya.

Ranar Asabar na ɗauki shirin daga farko har ƙarshe. Da aka gama na kunna farkonsa, na ga bakin mai gabatarwa da muryarsa suna tafiya tare, na rufe. Ban duba ƙarshen ba, alhali Yaya a can take. Wannan laifina ne, ba na kowa ba.

Washegari na hau acaɓa da kwamfutar a cinya. Na samu Yaya a tabarma, surukarta ta jingina ta da bango. Na kunna, na tura gaba har inda take. Ga ta nan da ƙarfinta, ɗaure da zani, taɓarya a hannu. Taɓarya ta sauka cikin turmi shiru, sai da ta koma sama sannan ƙarar ta zo. Na ce a raina wannan mai sauƙi ne. Sai mai shirin ya yi mata tambaya, ta buɗe baki. Leɓenta na motsi, babu murya. Ta gama, ta rufe baki, sannan maganar ta fito ita kaɗai.

Yaya ta miƙa hannun hagu ta kifa murfin kwamfutar, ta juya fuska ga bango. Surukarta na cewa ai ana jin muryar, ai ba komai. Abin da Yaya ke fama da shi safe da yamma shi na ɗauko tun daga Gumel na ajiye mata a gaba.

Na koma wurin Injiniya da faɗa. Ya bar ni na gama, sannan ya ce kwamfutata ce ta tsufa. In tana ɗauka gajiya take yi, sai ta riƙa zubar da hoto kaɗan-kaɗan, ita kuwa murya ba ta zubar da komai. Hoto ya gajarce, murya na nan da tsawonta, shi ya sa farko ya yi daidai, ana nisa tana ƙara makara. Ya yanko ɓangaren Yaya ya buɗe shi a wata manhaja: hoto a sama, murya a ƙasa an zana ta kamar haƙoran zarto, kowane dukan taɓarya haƙori ne dogo. Ya ja layin muryar baya har ƙara ta haɗu da saukar taɓarya. Ya ce an gama.

Na ce ba a gama ba. Lugude suke yi, taɓarya biyu a turmi ɗaya, wannan ta sauka waccan ta tashi. Ya ɗora dukan maƙwabciya a kan taɓaryar Yaya. Na maƙwabciya sakwat yake, na Yaya kuwa da nauyi, da ɗan nishi a bayansa.

"Hajiya, turmi ɗaya ne, ƙara ɗaya ce."

"Injiniya, ka taɓa daka?"

Ya yi dariya ya tashi ya ba ni kujerarsa. Ya koya mini abu uku: yadda ake tafiya da hoto ɗaya bayan ɗaya, yadda ake jan murya gaba ko baya, da yadda ake matse ta ko a miƙe ta. Ya ce in nemi ƙara mai kaifi wadda ido ke ganin inda ta fito, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe, kuma kada ta zama wadda ake maimaitawa.

La'asar uku na yi a kan abin nan, a tsakar gida, kwamfuta a kan kujera 'yar tsugunno. A ta farko na samo ƙarar da nake nema. Yaya tun tana budurwa in daka ya yi daɗi takan cilla taɓarya sama, ta yi tafi biyu, ta cafe. Ta yi a shirin sau ɗaya tak. A zanen murya ga siraran haƙora biyu manne da juna, ba su yi kama da sauran ba. Na bi hoto ɗaya-ɗaya har inda tafukanta suka haɗu, na jawo haƙorin farko na ɗora a kai. Daka ya zauna. Nishinta ya koma ƙirjinta.

Amma da aka kai hira, muryar ta sake sulalewa baya, kaɗan dai, wanda bai san bakinta ba ba zai lura ba. Ni na san shi. A ƙarshen hirar mai shirin ya tambaye ta ko 'yan baya za su gaji wannan aiki. Ta ce, "Wa? Ƙanwata ma ta gudu Gumel, wai boko take, da furfurarta." Suka kwashe da dariya ita da maƙwabciya suka tafa. Wannan tafin shi ne na biyu. Na kafe na farko, na shiga matse murya don na biyun ya hau wurinsa. Da farko na zarce, Yaya ta koma magana da sauri kamar ana korarta. Na sassauta, na sake, na sake. Kalmar furfurar nan na ji ta ya fi a ƙirga, ni kaɗai, kaji na kallona.

Ranar da na koma ta ga jakar kwamfutar ta kawar da kai. Na ce, "Yaya, ki kalla. In bai yi ba ki rufe, ba zan sake kawowa ba."

Ta kalla ta gefen ido. Da taɓarya ta tashi sama, hannunta na hagu ya bugi cinya sau biyu, daidai da tafin. Da aka zo maganar boko ta juyo ta dube ni, ta ɗaga tafin hagu. Na tafa mata. Ta nuna kwamfutar da haɓa, na mayar farko. Haka muka yi ta yi har caji ya ƙare.

Da zan tafi na kai hannu in ɗauka, ta ɗora nata a kai ta danne. Ban yi dabarar kwafe shirin a wayata ba. Na tsaya jim, sannan na nuna wa surukarta inda ake dannawa, na hau acaɓa da jaka babu komai.

Yanzu wani lokacin bayan la'asar wayata takan yi ƙara. In na ɗauka babu sallama, sai ƙarar turmi, sai tafi biyu, can sai in ji an ce ƙanwata ta gudu Gumel. Nakan ce eh, ina nan, furfurar ma ta ƙaru. In ba ta labarin unguwa, tana numfashi a wancan gefen, har surukarta ta kashe. Ba kullum ba ne. Ƙauyen sabis na wahala, caji ma haka. Ranar da ba a kira ba, tsintsiyata na nan jingine a bakin ƙofa.